Lakar Garinsu

Motar ƙauyen sau biyu take zuwa a yini,
wanda ya rasa ta ƙarfe huɗu sai ya nemi wurin kwana.
Direba ya sauke ni gindin wani allo
da ruwan sama ya cinye rabin sunan garin,
ya ɗaga mini yatsa ɗaya, ya wuce.

Tsoho Ambrose ne ya aiko ni.
Shekara uku ina juya shi a gado, a gidan tsofaffi can birni,
ina shafa masa mai a diddige,
yana kirana da sunan ƙanwarsa da ta rasu.
Sunana ya ƙi zama a kansa,
amma bishiyar tuffa ta bayan coci,
ko tsakar dare aka tashe shi zai ƙirga rassanta.
Ya ce, je ki gano mini ko tana nan.

Gidajen dutse ne, launin zuma,
wasu rufin ciyawa, an gyara tsaf kamar sabon aski.
Ba kowa a hanya.
Shiru, har takuna nake ji yana bina.
A ƙofar wani gida ga ƙwai shida-shida bisa benci,
ga gwangwanin kuɗi, babu mai tsaro.
Na daɗe ina duban gwangwanin nan.
Na jefa sulalla biyu, ban ɗauki komai ba,
ni ma ban san dalili ba.

Jar rumfar tarho ta zama ma'ajiyar littattafai,
gizo-gizo ke gadi.
A tsakiyar gari wani ginshiƙi
na ɗauke da sunayen samarin da yaƙi ya ci:
goma sha bakwai, a garin da bai kai unguwa ba.
Uku 'yan gidan su Ambrose ne.

Hester Pargeter ke riƙe da mabuɗin coci.
Ta fito da takalmin roba da almakashin lambu,
karenta mai ido ɗaya na shinshina jakata.
Da na ambaci sunansa ta sauke almakashi.
"Yana raye?" ta ce. Can kuma:
"Ina binsa rawa ɗaya tun bikin girbi."

Muka ratsa kaburbura masu gansakuka,
tana gaida wasu da suna.
Bayan coci, kututture.
Iska ta kayar da ita shekara tara da suka wuce,
hunturu biyu aka yi ana jin ɗumi da itacenta.
Hester ta zauna a kai kamar kujerar gidanta,
ta miƙo mini shayi a murfin filas.
Ba mu ce komai ba. Tsaki ya fi ƙarfin wurin.

Na bi siririyar hanya ta cikin gonaki,
kowace ƙyaure na buɗe sai na rufe, haka ta gargaɗe ni.
Tumaki da shuɗin fenti a gadon baya
sun ɗago suna tauna, suna auna baƙuwa.
Katangar dutse, ba siminti ba yumɓu,
kowane dutse ɗan'uwansa ya riƙe shi.
Wani ganye mai ƙaiƙayi ya gaishe ni a idon sawu.
A rafi, kusa da gada, ƙafata ta nutse
cikin jar laka mai danƙo.

Ƙarfe huɗu saura kaɗan na iso da gudu.
Duk tsawon hanya ina saƙa ina kwancewa:
in ce tana nan?
In ce ta faɗi?

Da safe na shiga ɗakinsa ban wanke takalmi ba.
Bai dubi fuskata ba, ƙasa ya duba.
Ya miƙo hannu mai rawa,
ya ɓantari busasshiyar lakar, ya murje, ya kai hanci.
"Ta gada kika bi," ya ce.
"Ai da kin bi ta sama, ta fi tsandauri."

Zancen bishiya bai tayar ba.
Ni kuma na ce masa akwai mai binsa rawa.